'Yan Tsaki a Ramin Dukhan

"Tsaki? A ɗakin amarya? Ni'mat, ki ce min wasa kike yi."

"Inna, zuwa magariba ne kawai. Da ya dawo da fitilar zai kwashe su."

"Kwana ashirin da takwas ina gyaran ki. Na hana ki rana, na hana ki wanki, ko tsintsiya ban bari kin taɓa ba. Yau kuma a kawo min kashin kaji cikin ƙamshina? Sajami! Na shiga uku!"

Inna Sittana ta dafe ƙirji da hannu biyu, kamar yadda matan Umdurman ke yi in abu ya fi ƙarfin baki. Ƙanwar mahaifiyar Ni'mat ce, ita ta riƙe ta tun uwar ta rasu, ita ce kuma ta ɗauki nauyin gyaran amarya. Saura kwana goma sha biyu biki. Kullum da yamma sai ta hura icen ɗalhi a ramin dukhan, wata tukunyar ƙasa da aka binne a ɗan ɗakin da ke jikin kicin, ta shimfiɗa tabarma mai huji a kai, ta zaunar da Ni'mat, ta lulluɓe ta da shamla, bargon ulu mai nauyi, har hayaƙin ya ratsa fatarta ya bar mata launi da ƙamshi.

Idon Ni'mat na kan faffaɗan kwalin da ke gabanta. Ta hujojinsa ana hango abubuwa rawaya-rawaya suna motsi, suna tsiyu-tsiyu ba ƙaƙƙautawa. Guda ɗari ne, jiya-jiya aka ƙyanƙyashe su.

Hazim, angonta, shi ya kawo su bayan la'asar. Tun shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka sallame shi daga aikin gona na gwamnati, shi da wasu da yawa, da takarda mai layi biyu. Shekara biyu ke nan yana buga-buga. Ɗan baffansa ya samo masa wuri a wata babbar mota da za ta ratsa sahara zuwa Libya mako guda bayan biki, kuma kowa a unguwa ya san waɗanda suka bi hanyar nan shekaru suke yi ba a ga ƙeyarsu ba. Shi kuwa ya sayar da babur ɗinsa, ya kafa akurki a unguwar Umbadda, ya ja waya ya rataya ƙwayayen lantarki huɗu don ɗumama tsaki. Sai ga shi ranar da ya ɗauko su daga gonakin kaji na Alhilla Kuku, wutar ta kwana ta wuni ba ta dawo ba, ga sanyin Janairu yana shiga akurkin ta kowace kafa.

Da yake ango ba ya ganin amarya a kwanakin nan, ta bayan ƙofar langa-langa suka yi magana, shi a waje, ita a ciki.

"Ba sai na gan ki ba," in ji shi, "ƙamshin nan tun daga bakin titi ya tare ni. Saura kaɗan in yar da kwalin."

"Da ka yar, da Inna ta yi maka guɗa."

Ya yi dariya, amma gajeriya. "Ni'mat, saurara. Akwai abokina a Kuku mai fitilar kananzir ta rainon tsaki, zan koma in aro. Ki riƙa sauraron su. In suka taru wuri ɗaya suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za su mutu. In suka bazu suna 'yar murya ƙasa-ƙasa, to lafiya lau. In suka wuce mako biyun farko, zan gaya wa ɗan baffa ya ba wani wurina. In ba su wuce ba, ba ni da abin da zan zauna a kai."

Ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙofar, daidai inda take jin muryarsa. Ƙarfen ya ɗauki sanyi tun rana ba ta faɗi ba.

Yanzu ga rana ta sunkuya, iskar arewa ta fara kaɗa ganyen dalbejiyar tsakar gida. Inna Sittana ta gama faɗanta, ta tafi hura ramin tana gunaguni. Habboba Indo, kakar Ni'mat, tana zaune a kan angarib, gadonta na igiya, ta duƙunƙune cikin mayafi biyu tana jan carbi. Idanunta sun yi hazo shekaru da yawa, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji.

Ana gab da kiran magariba aka buga ƙofa. Labaran ne, mai kantin bakin layi, wanda shi kaɗai ke da tarho a unguwar.

"Salamu alaikum, mutan gida! Saƙon Hazim ne, yanzu ya bugo."

Ni'mat ta ruga bakin ƙofa, ta tsaya a bayanta. "Baba Labaran, ina ji."

"Ya ce abokin ya riga ya ba wani aron fitilar. Ya zaga gonaki uku bai samu ba, kananzir ɗin ma babu. Sannan sojoji sun rufe gadar da ake haye kogi zuwa nan, ba shiga ba fita, ba wanda ya san dalili. Can zai kwana. Ya ce ki yi haƙuri, ya ce..." Labaran ya yi gyaran murya. "Sauran maganar ta yara ce, ba za ta fito daga bakina ba. Allah ya ba da sa'a, 'yata."

Ta tsaya nan har takunsa ya ɓace. Babu fitila yau, babu gobe. Daga ɗakinta kukan tsakin ya canza, ya koma mai kaifi, kamar ana goga ƙusa a jikin kwano.

Ta buɗe kwalin. Duk sun dunƙule a kusurwa ɗaya, suna hawa kan juna, kowa na tura kai ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ta sa hannu biyu ta rarraba su. A can ƙasa ta tarar da biyu sun baje, ƙafafunsu a miƙe, jikinsu da sauran ɗumi amma ba numfashi. Kafin ta ajiye su gefe, sauran sun sake komawa kusurwar.

"Inna! Gawayi fa?"

"Wane gawayi? Ɗan abin da ya rage ko shayin safe da ƙyar zai dafa. Ki fito, ramin ya kama. Zan yi salla in zo in lulluɓe ki."

Ni'mat ta rungumi kwalin ta fito tsakar gida ba tare da ta san inda za ta ba. Gari ya yi shuɗi-shuɗi, ladanai sun fara kira daga masallaci zuwa masallaci, babu ƙwan lantarki ko ɗaya da ke ci a duk unguwar. Ta ji kamar Hazim ne kacokan a hannunta, yana yin sanyi a hankali. Ta hango shi a bayan babbar mota, rawani ya rufe masa fuska, yana ƙanƙancewa a cikin rairayi. Ta hango kanta da lallen biki bai gama goguwa ba, tana zirga-zirga zuwa kantin Labaran ko an bugo.

Sai ɗumi ya taɓa mata ƙafa. Daga ɗan ɗakin dukhan yake fitowa.

Ta leƙa. Harshen wutar ya mutu, garwashin ɗalhi ya yi ja a gindin tukunyar, hayaƙin bai wuce zare ba, siriri, mai daɗin ƙamshi. Ga tabarma a shimfiɗe, ga shamla a ninke. Zuciyarta ta buga da murna. Ashe maganin yana nan kusa! Kwana ashirin da takwas tana zama a kan wannan rami, ta san yadda ɗuminsa ke shiga har ƙashi, ta san yadda yake sa mutum gyangyaɗi. Abin da bai cuci amarya ba, ina zai cuci tsaki?

Ta kifa rariyar ƙarfe a kan hujin tabarmar don kada wani ya faɗa. Ta ɗora 'yar kujera a kai, ta juye tsakin a kewaye, ta jawo shamlar ta rufa. Daga nan hannuwanta suka yi abin da aka koya musu. Kullum Inna Sittana sai ta ce, "Danne gefen nan, kada ki bar ƙofa ko ta allura, hayaƙin da ya fita asara ne." Haka Ni'mat ta bi gefen shamlar kaf, ta cusa, ta danne, inda ya ɗaga ta ɗora takalminta.

Ta durƙusa ta kasa kunne. Kukan mai kaifi ya fara sauka. Ya koma ƙasa-ƙasa, daidai yadda Hazim ya faɗa. Hawaye suka cika mata ido. Ta yi alwala da sauri, ta tayar da salla a bakin ƙofar, tana jin muryoyin na ƙara laushi, har ta kai raka'a ta uku ba ta jin komai. Ta sallame tana murmushi.

"Ni'mat."

Habboba Indo ce, daga kan angarib.

"Na'am, Habboba."

"Ina 'ya'yan mijin naki?"

"Sun yi barci. Na sama musu ɗumi."

"Barci?" Tsohuwar ta karkata kai. "Na yi shekara talatin a gonakin Jazira da kaji a ƙarƙashin gadona. Tsaki ko barci yake ba ya rufe baki ruf. Ina kika sa su?"

"A ramin dukhan. Na lulluɓe su da shamla, babu inda iska..."

"Ke! In kin zauna a ramin nan, kanki a ciki yake ko a waje?"

Ni'mat ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Kanta a waje yake. Kullum a waje yake, shamlar a wuya take tsayawa.

Ba ta san lokacin da ta fizge bargon ba. Wani zazzafan tururi mai ƙamshi ya buge ta har ta yi tari. A cikin ɗan hasken da ya rage ta gan su zube a kan tabarma, wasu a kan ciki, wasu a gefe, bakunansu a buɗe, suna haki ba sauti.

"Inna! Inna, ki zo!"

"Waje da su!" Habboba ta daka tsawa, ta sauko daga gado tana lalube. "Ku fito da su iska! Sittana, bar carbin nan, kawo ruwa da sukari!"

Ni'mat ta kama gefen tabarmar biyu ta ja ta zuwa tsakar gida gaba ɗaya. Inna Sittana ta fito da gudu, mayafin salla na jan ƙasa, ta ga abin da ke faruwa, ta juya kicin. Ta dawo da kofi da ɗan guntun kyandir.

Su uku suka durƙusa. Habboba na ɗaukar tsako, ta kai shi kunne, ta hura masa iska a baki, ta miƙa. Ni'mat ta tsoma bakinsa a ruwan sukari. Wanda ya haɗiya, ya motsa, sai Habboba ta ce, "Cikin riga." Ni'mat ta ɗaure ƙugunta da ɗankwali, ta riƙa zura su ta wuyan riga suna taruwa a jikin fatarta, fatar da aka yi wata guda ana murza ta da dilka, haɗin goge jikin amarya. Ƙananan faratansu na yaƙushinta. Da rigarta ta cika, Inna Sittana ta ja tsaki mai ƙarfi, ta ɗaure nata ƙugun.

"Wallahi in kika gaya wa wani, sai na yanke miki harshe," in ji ta, tana zura tsako a ƙirji.

Wanda Habboba ta kai kunne ta daɗe ba ta ji motsi ba, sai ta ajiye shi a bayanta. Ni'mat na ƙirgawa da gefen ido. Ɗaya. Uku. Shida. Da aka gama, tara ne a bayan tsohuwar.

"Ni na kashe su," in ji Ni'mat. "Da hannuna na danne bargon. Ya ba ni amana ta bayan ƙofa, Habboba, ko fuskata bai gani ba ya ba ni..."

"Kukan ya jira. Saura nawa?"

"Tamanin da tara."

"To tamanin da tara ɗin nan ba su san kin yi kuskure ba, sanyi kawai suka sani. Ba za ku kwana da su a riga ba, za ku danne su. Sittana, kwashe garwashin nan tas daga ramin, ki fitar da shi waje, ki buɗe taga ɗakin ya sha iska."

Inna Sittana ta yi yadda aka ce, tana tafiya a sunkuye, hannu ɗaya tallabe da ƙirji. Da hayaƙin ya fice, Habboba ta sa aka kai ta bakin ramin. Ta zura hannu ta shafa cikin tukunyar, ta shafa ƙasar da ke kewaye.

"Kun ji? Ƙasar ta sha wuta, ita za ta riƙa mayarwa a hankali. A Jazira ba mu taɓa kai wuta kusa da tsaki ba. A waje ake hura ta, a gasa tubali, a kawo tubalin. Ku ciko ramin da rairayi."

Suka ciko shi da rairayin tsakar gida, suka mayar da tabarma. Habboba ta sa aka yayyaga wani tsohon zane siri-siri, aka ɗaure tsummokin a ƙarƙashin 'yar kujerar suna reto har ƙasa, don tsakin su riƙa kutsawa ciki kamar ƙarƙashin fiffiken uwa. Aka kewaye wurin da kwalin da aka farke. Shamlar kuwa a saman kujerar kawai aka ɗora ta, gefe biyu a buɗe.

Ɗaya bayan ɗaya suka fito da su daga riga. Tsakin suka yi tangaɗi, suka tsaya, wasu suka shige cikin tsummoki, wasu suka kwanta a kan tabarmar mai ɗumi. Sai ga muryar ta dawo, 'yar ƙarama, ƙasa-ƙasa, ba ta yankewa. Ni'mat ta kifa goshi a gwiwa tana saurare, ba ta taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

"Kada ki saki jiki," in ji Habboba. "Ɗumin nan ba zai wuce awa biyu ba. Kafin ya huce sai an binne tubali mai zafi a cikin rairayin, in ya huce a sake wani. Yau, gobe, jibi, har su yi gashin fiffike. Akwai jan tubali a bayan bayi. Abin da babu shi ne abin gasa shi."

Kyandir ɗin ya yi rawa. A kusurwar ɗakin, a jingine da bango, ga damin icen ɗalhi, jajaye, an faskara su daidai-daidai. Idon Ni'mat ya sauka a kansu. Inna Sittana ta ga inda take kallo.

"A'a," in ji ta. "A'a, Ni'mat. Na kwana goma sha biyu ne cif, na ƙirga. Sai da na yi sati uku ina zarya kasuwa kafin in same shi, yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Kwanakin ƙarshen nan su ne gyaran, su ke kama launi. Ranar biki dangin Hazim za su zagaye ki, su kama hannunki su juya, su shinshina wuyanki. Me za su ce? Za su ce marainiya ce, ba ta da mai gyara ta. Na yi wa Yaya alkawari a kan gadon asibiti. Na ce ranar aurenki ba wanda zai gane ba ta nan."

Ni'mat ta ji maganar har cikin ranta. Ta matso ta kama hannun Innarta, hannun da ya yi kanta saboda murza dilka. Akwai ɗan gashin tsako rawaya maƙale a wuyan rigar matar.

"Inna, ba wanda zai gane. Kin yi min abin da ko ita sai haka."

"To ki bar min icena."

"In na bar shi, wa zan yi wa ƙamshin? Sati ɗaya zai shaƙa, ya hau mota."

"Maza suna tafiya suna dawowa."

"Mijin maƙwabciyarmu Awadiyya ya dawo? Shekara huɗu ke nan."

Inna Sittana ta kau da kai. Daga masallaci aka fara kiran isha. Habboba ta sake zura hannu ƙarƙashin tabarmar, ta daɗe, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Gefen nan ya fara sanyi."

Kamar sun ji ta, tsaki biyar ko shida suka taso daga bakin kwali suka matsa tsakiya. Ɗaya ya ɗaga kai ya yi kuka mai kaifi, sau ɗaya, wani ya amsa.

Ni'mat ta saki hannun Innarta ta miƙe. Ta nufi kusurwa, ta sunkuya, ta rungumo damin gaba ɗaya. Ɓawon icen ya karce mata dantse, ta ji zafin, ba ta sassauta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, iskar tsakar gida na kaɗa mata riga, ta juyo ta dubi matan biyu.

"Inna, ki yafe min. Na gama dukhan daga yau. Icen nan a tsakar gida zan ƙona shi, tubali zan gasa da shi har sandar ƙarshe, ramin kuma na tsakin nan ne sai sun yi fiffike. Dangin Hazim su shinshina abin da suka samu."